Ba kowane ciwon zuciya ne hauka ba



Ka san mutumin da zargina suka tare a hanyar Touboro, ko makiyayin da aka yi garkuwa da shi, 'yan uwa suka sayar da garke suka fanso shi. Ya dawo jiki lafiya, amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur kaɗai ta sa ya zabura. Sai ka ji an ce ai ya taɓu. To, wannan ciwon yana da suna, sunan kuma yana da tarihi.

A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga hannun Jamus. A shekarar nan ce, can Turai, wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya rubuta bayanin sojojin da ke fitowa daga ramukan yaƙi suna makyarkyata, wasu ba sa gani sosai, wasu sun mance abin da ya faru, alhali ba rauni a jikinsu. Aka ce girgizar bam ce. Manyan soja da yawa suka ce ragwanci ne kawai. Ingila ta harbe sojojinta 306 a yaƙin bisa laifuka irin su gudu da tsorata, ba a yafe musu ba sai 2006. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ciwon a littafinsu. Mu ce masa firgicin bayan bala'i: abin ya wuce, amma yana dawo wa mutum a mafarki da ido biyu, yana gudun wurin da ya faru, kuma hakan ya haura wata guda.

Kada ka haɗa shi da ciwon damuwa. Shi wannan nauyin zuciya ne da ke wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so, har nagge ta haihu bai leƙa ba. Farfaɗiya kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ta yaɗuwa ta miyau. Abin da muke kira hauka shi ne mutum ya riƙa jin muryar da ba kowa, ko ya yi imani da abin da babu. Shi ma ana magani.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen 'yan uwanmu Fulani. Pulaaku ya tsaya a kan munyal da semteende, wato haƙuri da kunya, kuma halaye ne na girma. Amma su ne ke sa dattijo ya yi shekara bai faɗa wa kowa ba ya barci, yaro kuma ya koma ga tramol don ya manta.

Tun da aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013, ma'aikatan lafiya ke zama da waɗanda suka gudo wa Boko Haram, su saurare su. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu kawo muku abin da ake tambayar mutum a irin wannan zama, da Hausa da Fulatanci.