Ciwon Tsakiyar Kunne A Yara: Musabbabi, Magani Da Hanyoyin Kariya

Ciwon tsakiyar kunne, wanda likitoci ke kira otitis media, kumburi ne da ke kama ɗan kogon da ke bayan dodon kunne, inda ƙananan ƙasusuwa uku masu isar da sauti suke. Yana cikin cututtukan da suka fi damun ƙananan yara a duniya, musamman tsakanin wata 6 da shekara 2. A Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, ba baƙon abu ba ne a ga yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, har wasu iyaye kan ɗauke ta a matsayin lalurar ƙuruciya da za ta wuce da kanta. Amma wannan zubar alama ce cewa dodon kunne ya huje, kuma barinta ta daɗe na iya rage wa yaro ji har tsawon rayuwarsa.

Yadda ciwon ke farawa

Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci. Aikinta shi ne shigar da iska da kuma fitar da ruwan da ya taru. A jikin ƙaramin yaro wannan hanya gajeriya ce, kuma kusan a kwance take, don haka tana saurin toshewa idan mura ta kama shi. Da zarar ta toshe, sai ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Wasu daga cikinsu bairas ne irin na mura, wasu kuma bakteriya ne, ciki har da wadda ke haddasa ciwon nimoniya.

Shi ya sa ciwon kan biyo bayan mura da 'yan kwanaki, kuma yakan yawaita a lokacin hunturu, sa'ad da sanyi da ƙura ke ƙara yawan mura. Hayaƙin itacen girki, hayaƙin taba, cunkoso a ɗaki, rashin isasshen abinci mai gina jiki da cutar ƙyanda duk suna ƙara haɗarin kamuwa.

Alamomi

Yaron da ya iya magana zai ce kunnensa na ciwo. Jariri kuwa sai dai a lura da shi: kuka mai tsanani, musamman da dare, yawan taɓa kunne ko jan sa, ƙin kama nono, rashin barci da zazzaɓi. Da yake zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare a yankin, sau da yawa akan yi ta ba yaro maganinsa ba tare da an duba kunne ba. Abin da ya dace shi ne a yi gwajin jini, a kuma nemi ma'aikacin lafiya ya haska cikin kunnen.

Akwai wani mataki da ke yaudarar iyaye. Idan mugunya ta yi yawa, takan fasa dodon kunne ta fito waje. Nan take zafin ya ragu, yaro ya daina kuka ya yi barci, iyaye su zaci sauƙi ya samu. A gaskiya matsin ne kawai ya sauka, cutar na nan. Ƙaramin huji yakan rufe da kansa idan an yi magani kuma kunnen ya bushe. Idan aka bar shi a jiƙe, hujin na iya zama na dindindin.

Magani

Tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake aiki da shi a cibiyoyin lafiya na matakin farko a Najeriya, ya raba matsalar gida uku.

Na farko shi ne ciwon kunne, ko zubar mugunya da ba ta kai kwana 14 ba. A nan akan ba da maganin kashe bakteriya na sha, galibi amoksisilin, na kwana 5, tare da farasitamol domin rage zafi, sannan a dawo da yaron bayan kwana 5 a sake dubawa. Nauyin yaro ko shekarunsa ne ke nuna yawan maganin, don haka ba daidai ba ne a sayo shi a kemis da ka, ko a yi amfani da ragowar na wani yaro. Wajibi ne a kammala kwanakin ko da yaro ya warware. Ba a ba yara asfirin.

Na biyu shi ne mugunyar da ta kai kwana 14 ko fiye tana zuba. Wannan ya zama daɗaɗɗen ciwo, kuma maimaita maganin sha ba ya cika amfani. Abin da ake yi shi ne busar da kunne da ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, na kwana 14. Ba kowane maganin ɗigawa ne ya dace da kunnen da ya huje ba, domin wasu na iya lahanta ji.

Na uku shi ne kumburi mai zafi a bayan kunne, wanda ke nuna cutar ta shiga ƙashi. Wannan na gaggawa ne, sai babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Haka nan idan wuyan yaro ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko bakinsa ya karkace, ko ya kasa shan komai, domin cutar na iya kaiwa ga sanƙarau.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, likitoci kan jira kwana 2 zuwa 3 kafin ba da maganin kashe bakteriya ga yaron da ya ɗan girma kuma ciwonsa bai yi tsanani ba, saboda da yawa kan warke da kansu. Wannan shawara ce ta wanda ya duba kunnen, ba ta gida ba.

Busar da kunne a gida

A wanke hannu, a naɗe ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa kamar lagwani, a sa a bakin kunnen a hankali. Idan ya jiƙe a cire, a sa wani, har kunnen ya bushe. Ana yin haka aƙalla sau uku a rana. Kada a zura tsinken ashana, gashin kaza ko tsinken auduga. Kada a ɗiga man ja, man gyaɗa, ruwan nono ko ruwan ganye, domin ta cikin hujin za su wuce kai tsaye zuwa tsakiyar kunne. A kiyaye shigar ruwa lokacin wanka, a kuma hana yaron iyo a rafi har sai ya warke.

Illa ga ji da karatu

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da daɗaɗɗiyar zubar mugunya a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 nasu na da raunin ji. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake zuwa.

Yaro a Kwoi kan tashi da yaren Hyam a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta, kuma dukkansu da kunne ake koyonsu. Wanda ba ya ji sosai yakan makara wajen magana, a aji kuma a ɗauke shi a matsayin daƙiƙi ko mai taurin kai. Ko bayan ciwo ya warke, ruwa na iya zama a bayan dodon kunne na makonni. Idan raunin ji ya wuce wata 3, a nemi gwaji.

Rigakafi

Shayar da nonon uwa zalla na wata 6 na farko yana rage kamuwa. Idan ana shayarwa da kwalba, a ɗaga kan jariri, kada a ba shi yana kwance. A kammala alluran rigakafi, waɗanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati: allurar nimoniya, da Najeriya ta fara shigarwa cikin jadawalinta a 2014, ana yin ta a mako na 6, na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9 da na 15. A nisanta jariri daga hayaƙin murhu, musamman idan uwa na girki da goyo a bayanta, kada kuma a sha taba kusa da shi.

Inda za a je

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa, daga nan sai Babban Asibitin Kwoi ko na Kafanchan. Idan ciwon ya ƙi warkewa ko yana yawan dawowa, akan tura yaro Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, inda ake gwajin ji da tiyatar gyaran dodon kunne. Ana so iyaye su riƙe ranar da mugunya ta fara zuba, domin da ita ma'aikacin lafiya ke tantance irin maganin da zai bayar.