Famfon ruwan mota: yadda yake lalacewa da yadda ake sauya shi, daga motocin gudu zuwa tasin Kilomita Biyar

Famfon ruwa, wanda masu jin Faransanci ke kira pompe à eau, shi ne ke zagaya da ruwa tsakanin injin mota da lagireto domin kada inji ya ƙone. Ƙarami ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan an gwada da kuɗin inji, amma in ya tsaya, mintoci kaɗan sun isa su lalata injin baki ɗaya. A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda aka fi sani da PK5, cibiyar kasuwancin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wannan magana ta shafi abincin gidaje da yawa: masu tasi, masu ƙananan bas-bas, da 'yan kasuwar da ke fita da kaya ƙauyuka a Hilux da Land Cruiser. Mota in ta kwanta a gareji, kuɗin cefane ma ya tsaya.

Yadda yake aiki

A cikin famfon akwai wata 'yar farfela da ke kan sandar ƙarfe. Sandar tana juyawa a kan boris, kuma akwai sil da ke hana ruwa bin sandar ya fito waje. Idan inji ya tashi, farfelar takan tura ruwa cikin hanyoyin da ke jikin inji, ruwan ya kwashi zafi ya kai lagireto, iska ta sanyaya shi, sannan ya dawo. Tsakanin inji da lagireto akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta idan ruwan ya yi zafi, a motoci da yawa wajen digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Selsiyos.

Ta hanyoyi uku aka fi juya famfon. A wasu motocin bel ɗin waje ne ke jan sa, wanda ake iya gani da an ɗaga bonet, kamar a Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE. A wasu kuma bel ɗin taimin ne, wato courroie de distribution, wanda ke ɓoye a bayan murfi, kamar a Peugeot 206 da motocin Renault masu injin dizal na 1.5 dCi. Kashi na uku na lantarki ne, wanda kwamfutar mota ke sarrafawa, kamar na injin N52 da kamfanin BMW ya fito da shi a 2004. Ya kamata mai mota ya san wanne ne a motarsa, domin hatsarin da kuɗin aikin duk sun bambanta.

Abin da motocin gudu suka koyar

Motocin gudu na alfarma ba su da yawa a titunan Bangui, amma akwai darasi a jikinsu, saboda injinsu na aiki da zafi sosai kuma gyaransa na da tsada. Kamfanin Porsche na Jamus ya daɗe yana sanyaya injin motarsa 911 da iska. A 1997 ya fito da samfurin 996, wanda shi ne 911 na farko mai sanyaya inji da ruwa, shekara guda bayan fitowar Boxster mai irin wannan injin. Farfelar famfon waɗannan motoci ta roba ce mai tauri. Idan boris ya saki, fikafikan farfelar kan gogi jikin inji su kakkarye, gutsattsarin su bi ruwa su maƙale a ƙananan hanyoyin da ke kan inji. Wurin da ruwa ya daina isa sai ya yi zafi fiye da sauran, har ƙarfen ya iya tsagewa. Saboda haka makanikai da yawa da suka ƙware a kan waɗannan motoci ke ba da shawarar a sauya famfon tun bai mutu ba.

Wasu injinan BMW na shekarun 1990 su ma sun yi suna wajen fashewar farfelar roba. Shi kuma famfon lantarki yakan tsaya farat ɗaya, ba yoyo ba ƙara, sai dai direba ya ga fitilar gargaɗi ta kama. Darasi biyu ne a nan da suka shafi kowace mota. Na farko, famfo na iya daina tura ruwa alhali daga waje lafiyarsa lau. Na biyu, idan an ciro tsohon famfo an ga fikafikansa ba su cika ba, dole a nemo gutsattsarin a wanke hanyoyin ruwa kafin a ɗaura sabo.

Me ke kashe shi a Bangui

Babban abin da ke kashe famfo shi ne ruwan da ake zuba wa mota. Direbobi da yawa na cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfon gida. Irin wannan ruwa na ɗauke da ƙasa da gishirin ma'adinai, yana kawo tsatsa, tsatsar ta cinye farfelar ƙarfe, yashin kuma ya goge fuskar sil har ya fara yoyo. Ruwan sanyaya inji na kanti, liquide de refroidissement, yana da magungunan hana tsatsa. Wasu na ganin ba shi da amfani a ƙasar da ruwa ba ya daskarewa, amma ko a ƙasar zafi yana aiki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan an haɗa shi rabi da rabi da sinadarin gilaikol sai ya kai wajen 107, murfin lagireto mai kyau kuma yana riƙe matsi ya ƙara ɗaga shi sama da 120.

Na biyu shi ne ɗaurin bel. In an ja shi ya yi tsauri fiye da kima, yakan danne boris ya kashe shi da wuri. In ya yi sako-sako, yakan zame, famfo ya rage gudu. Jar ƙurar rani da taɓon damina kan toshe fuskar lagireto, zafi ya ƙaru a kan dukkan kayan. Akwai kuma al'adar cire tamostat a yar, da sunan ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Yin haka yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma yakan ɓoye ainihin ciwon da ya sa motar ke zafi.

Alamomin da ake gani

A ƙasan famfo akwai wani ɗan rami da aka yi da gangan. Idan sil ya fara saki, ruwa kan ɗiga ta nan, ya bar busasshen tabo fari, ko kore, ko ja, gwargwadon launin ruwan da ke ciki. Sauran alamomin su ne ruwan lagireto na raguwa kullum ba tare da an ga tiyo ya fashe ba, ƙara ko gurnani daga gaban inji da ke ƙaruwa in an taka totur, da allurar zafi da ke hawa. Idan an kashe mota an kama faifan da bel ke hawa an girgiza, aka ji yana wasa, boris ya tafi.

In allura ta shiga ja ko tururi ya taso, direba ya gangara gefe ya kashe mota nan take. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gida, shi ne yakan ƙone gasket ɗin kan inji, wato joint de culasse, ko kan injin ya lanƙwashe. A motar da bel ɗin taimin ke jan famfo abin ya fi muni: in famfon ya cije, bel na iya tsinkewa ko ya tsallake haƙori, a injina da yawa kuma fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su.

Yadda ake sauyawa

Makanike yakan jira inji ya huce, ya tsiyaye ruwan a cikin mazubi, ya sassauta bel, ya kwance famfon. Sai ya kankare tsohon gasket har fuskar ƙarfen ta yi sumul, ya sa sabon gasket, ya ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya ta fuskoki masu kallon juna, ba tare da ya wuce ƙarfin da kamfani ya ƙayyade ba, domin jikin famfo sau da yawa na alminiyam ne. Gam mai yawa ba ya ƙara ƙarko; abin da ya matso ciki yakan ɓalle ya toshe lagireto. Bayan an zuba sabon ruwa dole a fitar da iskar da ta maƙale, in ba haka ba motar za ta sake zafi a ɗauka sabon famfon ne ba shi da kyau. Idan bel ɗin taimin ne ke jan famfo, ana sauya su tare, tunda kwancewar ɗaya ce. Yana da kyau a duba tamostat da tiyo da murfin lagireto a lokaci guda.

Tsohon ruwan da aka tsiyaye guba ne, ga shi da ɗanɗanon zaƙi. Kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya.

Samun kayan gyara

Afirka ta Tsakiya ba ta da gaɓar teku. Yawancin kayan da ake sayarwa a Bangui daga tashar Duwala ta Kamaru suke zuwa, ta Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar a Disambar 2020, ɗaruruwan manyan motoci sun maƙale a kan iyaka na makonni, kaya suka yi tsada a kasuwannin birnin. Don haka mai motar da ke neman abinci da ita, in ya ga alamar farko, gara ya nemi famfon tun motar na tafiya.

Mai saye ya tafi da lambar injin ko tsohon famfon, domin mota iri ɗaya kan zo da injina daban-daban. Kamfanin Aisin na Japan na cikin masu ƙera wa Toyota famfon ruwa, amma kwali kaɗai ba hujja ba ne, akwai jabu a kasuwanni. A juya sandar da hannu: mai kyau yana juyawa da ɗan nauyi, ba wasa, ba ƙara. Famfon da aka kwanto daga wata mota yana da arha, sai dai ba a iya ganin lafiyar sil ɗinsa da ido, kuma wanda ya daɗe a ajiye a bushe yakan fara yoyo ba da jimawa ba. Wanda zai yi doguwar tafiya zuwa Bouar ko Berbérati, ya duba ƙasan famfo da tsaurin bel tun yana Bangui, ya kuma riƙe jarkar ruwa mai tsabta da bel na ko-ta-kwana.