Iyakar Jibiya Da Kaɗaicin Tsofaffinmu

Yau hirarmu a kan kakanninmu take, musamman na Jibiya, da yadda aka yi da yawansu suka koma wuni a zaure su kaɗai.

Mu ɗan waiwaya baya. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran ta. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo, sai suka ja layi tsakanin 1906 da 1908, Jibiya ta faɗo wannan ɓangare, Ɗan Isa ya faɗa wancan. Amma layin bai raba dangi ba. Aure ya ci gaba, biki da suna da ta'aziyya duk ana ƙetarawa.

A wancan zamani, tsoho ba ya rasa abokin hira. Akwai gandu: uba da 'ya'yansa magidanta gona ɗaya suke nomawa, shi ke riƙe da rumbu, shi ake tambaya kafin a yi shuka. Ga kasuwar Lahadi ta Jibiya. Dattijo zai zo ko ba abin da zai saya, don dai ya ga sa'o'insa na Maraɗi, ya ji wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya.

To me ya canza? Gandu ya daɗe yana rushewa, gonaki sun rarrabu ta hanyar gado, samari sun tafi ci-rani Kano da Legas. Sai kuma abubuwa suka zo a jere. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Jibiya sai Afrilun 2022. A tsakanin nan 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. A 2021, don magance matsalar tsaro, gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwa, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. Ana murna an fara numfashi, sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024.

Duk lokacin da aka rufe iyaka, lissafin da ake yi na shinkafa ne da kuɗin shiga. Ba wanda ke lissafa zumunci. Saurayi zai hau babur ya bi ta daji ya ƙetare. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa?

Kakata tana da ƙanwa da aka aurar a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa tun suna 'yan mata. A 2020 Allah ya yi wa ƙanwar rasuwa, sai bayan sadakar uku labari ya iso mana. Na je yi mata gaisuwa, ta ce min: "Ɗan nan, yanzu saura wa ya san ni da ƙuruciya?" Wallahi na rasa amsa. Gidan cike yake da jikoki, amma kowa ya sunkuya a kan wayarsa, har da ni.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Tsofaffinmu an ɗaure musu ƙafar, mu kuma da muke da ita mun daina takawa. Tura kuɗi ta waya alheri ne, amma kuɗi ba sa hira.

Saboda haka kira na biyu ne. Ga hukumomi: duk sanda za a ɗauki matakin tsaro a kan iyaka, a tanadi hanyar masu zuwa jana'iza da duba marar lafiya. Ga mu matasa kuma: Lahadin nan, wanda ke da tsoho a gida ya ajiye waya, ya zauna kan tabarmarsa, ya tambaye shi yadda ake zuwa Maraɗi a zamaninsu. In da hali, ya ɗauke shi ya kai shi wurin 'yan'uwansa tun ana ganin juna.

Ku faɗa mana a ƙasa, yaushe rabonka da zama da kakanka? Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.