Yadda Ƙasa Ta Koma }asa

Kwanakin baya wata marubuciya ta turo mini fayil ɗin littafinta da aka buga a Kano wajen 1999, tana so in gyara shi a kan tabulet in mayar da shi PDF don masu karatu. Ina buɗewa sai na ga "}asa" a gurbin ƙasa, "ha]a" a gurbin haɗa. Ta ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa lau, tsohuwar rigimar haruffa masu lanƙwasa ce ta biyo shi.

Rigimar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko kowa da dabararsa, wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a sama kamar yadda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi. A cikin shekarun 1930 ne aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ masu ƙugiya, maɗaba'ar Zariya ta bi da su. To amma tafiretar ofis ba ta san da zamansu ba. Sai a buga k ko d, a koma da biro a yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.

Da kwamfuta ta shigo shagunan buga takardu a shekarun 1990, daidai lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, sai aka sami mafita ta gida. An ƙirƙiro salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana mata sabuwar fuska. Wasu sun ari gurbin baka, wasu na q, x da v. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa a cikinta q ta rubuta. A takarda ba mai ganewa, kuma gaskiya dabarar ta yi mana rana.

Alhali tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane harafin nan lambarsa ta kansa, sai dai ya daɗe kafin ya iso hannun masu buga mana littattafai. Tabulet, wadda ta yaɗu bayan fitowar iPad a 2010, da Unicode take aiki, ba ta zo da tsofaffin haruffanmu ba. Shi ya sa take tona abin da ke ƙarƙashi.

PDF ma yana da tasa yaudarar. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, yana iya ƙunshe salon haruffa a cikinsa, don haka shafi zai fito tsaf. Ka mayar da shi Word don gyara, sai bakake su dawo.

Littafin baiwar Allah nan, umarnin nema da sauyawa na ba manhajar, kowace alama ta koma harafinta. Amma sai da na bi shafi-shafi, domin akwai wuraren da bakan baka ne na gaske, ya rufe sunan wani gari. Kwana uku na yi a kai.