Iskokin Jega, Aliero da Maiyama: daga ina suke tasowa, kuma wa ke samun gargaɗi?

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kan ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. Daga Nuwamba zuwa wajajen Maris, busasshiyar iskar hunturu ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Daga Afrilu zuwa Mayu kuma iska mai laima ta fara kutsowa daga kudu maso yamma, wato daga Tekun Atlantika, ita ce mai jawo damina.

Hunturu yana da amfani ga manoman albasar Aliero, domin bushewarsa na taimaka wa albasa ta daɗe a cikin rudu, yayin da laimar damina ke gaggauta ruɓewarta. Sai dai wannan bushewar ita ke rura gobara, ƙurar kuma tana tsattsage hanci da maƙogwaro, ta sauƙaƙa wa ƙwayar cutar sanƙarau shiga jiki. A Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar da ake zargin ta sanƙarau ce, Jega da Aliero na cikin inda abin ya shafa.

Iskar da ke yaye kwano kuwa daban take, kuma ita ce aka fi rashin fahimta. Ko da yake laimar daga kudu take zuwa, hadarin da take haifarwa daga gabas yake tunkaro gari, abin da kowane manomi ya sani tun kafin a ƙirƙiro tauraron ɗan Adam. Ruwan da ke zubowa daga gajimare yana sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, sannan ta ruga gaban hadarin tana tura jar ƙura. Ta fi muni a farkon damina, Mayu da Yuni, lokacin da ƙasa ke da zafi kuma fili fetal babu shuka. Azuzuwan makaranta masu dogon rufi da ruɓaɓɓen katako su ke fara shan kashi, sai turakun lantarki.

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma hasashen kwana uku-uku. Amma waɗannan sanarwar kan ambaci jihohi ne, ba ƙauyuka ba. Alƙaluman gudun iska da manhajar waya ke nunawa da sunan Maiyama ko Jega su ma ba awo ba ne da aka yi a garin. Lissafin kwamfutocin Turai da Amurka ne, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 9 zuwa 13. Irin wannan lissafi yana kama tafiyar hunturu da kyau. Hadarin yammaci guda kuwa, sau da yawa yakan kuɓuce masa.

Abin da kimiyya ta fi iyawa a nan shi ne gargaɗin 'yan sa'o'i. Babban hadari yana tafiya yamma da gudun kusan kilomita 50 a sa'a, kuma tauraron Meteosat na ɗaukar hotonsa kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Hadarin da aka hango a sararin Gusau, mai nisan kimanin kilomita 250, zai ɗauki wajen sa'a biyar kafin ya iso Jega. Wannan ya isa a sallami ɗalibai, 'yan kasuwa su kwashe kaya, masu kwalekwale a Gulbin Zamfara su fito gaɓa.

Saboda haka matsalar ta isar da saƙo ce, kuma nan ne alhaki ke komawa kan hukumar agajin gaggawa ta jiha da majalisun ƙananan hukumomin uku. Gargaɗin da aka wallafa da Turanci a intanet ba ya isa ga mai noman fadama sai an mayar da shi Hausa, an bi da shi ta rediyo, saƙon waya da lasifikar masallaci. Rabon kwano da buhunan hatsi bayan ɓarna ya fi jan kyamara, amma ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.