Ramin da Ya Haifi Gidan Tarihin Kerma

A gabashin kogin Nilu, can arewacin Sudan, akwai wani jibgegen gini na tubalin laka da mutanen wurin ke kira Deffufa. Tsayinsa ya kai mita 18, kuma ya haura shekara 3,500 a tsaye. Wanda ya hau samansa zai hango kufan birnin Kerma shimfiɗe a ƙasa, tushen gidaje da sawun ganuwa. Dab da shi ga wani ɗan gidan tarihi da aka buɗe a 2008. Kafin a kai ga gina shi, sai da aka daɗe ana ja-in-ja a kan su wa suka kafa birnin.

Ba'amurke George Reisner ne ya fara gagarumin tono a wurin, daga 1913 zuwa 1916. Ya tarar da manyan kaburbura, an kwantar da sarakuna bisa gadaje, an binne ɗaruruwan mutane tare da su don rakiya. Ya kuma tono mutum-mutumin wata Bamasariya mai suna Sennuwy, matar wani hakimin Asyut. Nan take ya yanke hukunci cewa Kerma sansanin Masarawa ne, hakimansu ke mulkin 'yan ƙasa. Zuciyarsa ba ta ba shi baƙar fata za su iya wannan aiki ba. Daga baya masana suka gane ashe kayan Masar ɗin kwaso su aka yi aka kawo Kerma. Ita dai Sennuwy tana Bostan har yau, inda aka kai ta.

A 1977 Charles Bonnet, mutumin Suwizalan, ya iso da tawagarsa, ya duƙufa a cikin garin kansa. Shekara da shekaru ana share yashi, sai ga birnin 'yan Nubiya tsantsa, wanda ya kafu wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi kusan shekara dubu yana tashe kafin Fir'auna Tutmos na Ɗaya ya ci shi da yaƙi.

Abin da ya jawo ginin gidan tarihin kuwa ya faru ne a Janairun 2003, a Dukki Gel, kamar kilomita ɗaya arewa da Deffufa. Masu tono suka faɗa kan wani rami cike da gutsattsarin baƙin dutse. Da aka harhaɗa, sai ga mutum-mutumi bakwai na sarakuna biyar: Taharka da Tanutamani, waɗanda suka mulki Masar ita kanta, da Senkamanisken da Anlamani da Aspelta. Da gangan aka farfasa su, kuma akasarin masana na ɗora alhakin a kan rundunar Fir'auna Samtik na Biyu da ta kawo hari wajen 593 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma wasu sun bi baya sun tsince gutsattsarin, sun binne su a tsanake, shi ya sa fuskokin suka fito lafiya lau.

Wannan karon ba a yi musu irin ta Sennuwy ba. An gina musu ɗaki a garinsu. Mai ziyara yana shiga zai yi kiciɓis da su a tsaye, Taharka ya kere sauran, ya fi mita biyu da rabi. A ganina, tukwanen da ke gefe ma sun isa a yi tattaki dominsu: jajaye ne masu baƙin baki, da wani zobe mai ƙyalli a tsakani, jikinsu siriri kamar ɓawon ƙwai, kuma duk da hannu aka gina su.

Da an bi al'ada, da babban gidan tarihin ƙasa da ke Khartum aka kai mutum-mutumin sarakunan. Wannan gidan kuwa an wawashe shi bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.