TARIHIN NAZARIN GIRMAN YARO A ƘASAR HAUSA



Ɗalibanmu na Dagauda da ke karatun malanta a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare sun san sunan Jean Piaget, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980. Shi ne ya zuba wa 'ya'yansa uku ido tun suna jarirai, ya kasa girman tunanin yaro mataki huɗu. A wajensa, kusan shekara 7 yaro ke fara auna abu da hujja.

Kakanninmu ma a nan suka sa iyaka. Kafin bakwai, duk ɓarnar da yaro ya yi sai a ce bai yi hankali ba tukuna. Daga nan ake umartarsa da salla, a yi wa namiji kaciya, mace kuma ta fara goyon ƙanne.

Wannan sani ya shiga takarda ta bakin wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna a Giwa tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. A ciki akwai haihuwa da wankan jego, da suna ranar bakwai, da yaye wajen shekara biyu, inda ake kai yaro ɗakin kaka har ya manta da nono. Akwai kunyar ɗan fari, wanda uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ɗauka rashin so ne, alhali kaka da goggo suna nan sun cike gurbin. Abin sha'awa, Baba ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta raina.

A shekarun 1970 kuma Enid Schildkrout daga Amurka ta bi yara 'yan aike da 'yan talla a cikin birnin Kano. Ta nuna yadda yaro ke shiga kowane gida ba shamaki, amma da namiji ya balaga sai ya tsaya a zaure.

A ganina ya kamata malamanmu su riƙa haɗa wa ɗalibai Piaget da Baba, tunda yaran da za su koyar a firamaren Dagauda a irin gidan Baba aka yaye su.